Dausayin Haɗeja da Nguru: Tambayoyin Mutanen Katsina da Daura da Amsoshinsu

Da zarar hunturu ya kama, tambayoyi kan fadamar Haɗeja da Nguru sukan yi yawa a nan wajenmu. Malaman makaranta na neman inda za su kai ɗalibai, iyaye na son sanin ko akwai hatsari, wasu kuma kifin wurin kawai suka sani a miya, suna son jin inda yake fitowa. Labarin ƙasa nake koyarwa a Katsina, nakan kuma raka ɗalibai can, shi ya sa tambayoyin ke ƙarewa a kaina. Ga waɗanda aka fi yi mini.

Malam, wai ina ne wurin, kuma ta yaya ruwa ke kwanciya a ƙasar da ba ta fi tamu samun ruwan sama ba?

Wurin yana gabas da mu, ya ratsa gabashin Jigawa da yammacin Yobe, ya taɓa arewacin Bauchi. Manyan garuruwan da suka kewaye shi su ne Haɗeja da Nguru da Gashuwa, sai irin su Guri da Kirikasamma da ke tsakiyar ruwan.

Ruwan ba na samansu ba ne, baƙo ne daga nesa. Kogin Kano da na Calawa su suka haɗu suka zama kogin Haɗeja. Kogin Jama'are kuma daga tsaunukan Jos ya gangaro. Da suka iso wannan yanki sai suka tarar da ƙasa shimfiɗaɗɗiya, ga kuma tsofaffin jigayin rairayi da iska ta jera tun zamanin da hamada ta kai nan, dubban shekaru da suka wuce. Jigayin sun miƙe layi-layi daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma. Kogi bai iya wucewa kai tsaye, dole ya rarrabu ya bi tsakaninsu, kamar ka kwarara ruwa a gonar da aka yi wa kunya. Shi ya sa za ka ga tudu da gero a kansa, taku kaɗan ka faɗa fadamar shinkafa, gaba kuma tafki da bado.

Bayan garin Haɗeja kogin ya rabu uku. Reshen Marma ya nufi tafkin Nguru, Burum Gana ƙarami ne, sai tsohon kogin Haɗeja wanda ke saduwa da Jama'are kafin Gashuwa. Daga nan sunan ya koma Kumadugu Yobe, shi ne ke tafiya har Tafkin Cadi. A riƙe sunayen nan uku, za su yi amfani idan muka zo maganar ciyawar kacalla.

Daga Katsina ko Daura ta ina ake bi?

Mutumin Daura ba ya bukatar shiga Kano. Ya bi ta Zango da Baure da Babura ya faɗa Gumel, daga can Malam Madori. A nan hanya ta rabu: mai zuwa mafakar tsuntsaye ta Baturiya ya shiga Haɗeja ya nemi hanyar Kirikasamma, mai zuwa Nguru da Gashuwa ya bi ta Birniwa. Na Katsina ko dai ya biyo ta Daura, ko ya bi ta Kano in yana da uzuri a can. A fita da sassafe. Daga bakin kwalta zuwa bakin ruwa akwai rairayi, ƙaramar mota tana iya kafewa, don haka sau da yawa babur ne ke ƙarasa da mutum.

Wane lokaci ya fi dacewa?

Daga Disamba zuwa Fabrairu, Janairu kuma ya fi duka. Ruwa ya ja baya, hanyoyi sun bushe, tsuntsayen da suka warwatsu sun taru a sauran tafkunan, baƙin Turai ma suna nan. Abin da kan ɓata lissafi shi ne ƙurar hunturu, in ta yi kauri ba ka ganin tsallaken tafki. A Agusta da Satumba wurin ya fi kyan gani, kore shar, amma wasu ƙauyukan sai da kwalekwale, kuma ba lokacin kai yara ba ne. Daga Afrilu zafin wurin ba na wasa ba ne, baƙin tsuntsayen kuma sun riga sun tafi.

Za mu ga zaki da giwa?

A'a. Wanda ke son giwa ya nufi Yankari. Nan manyan namun daji sun ƙare tuntuni, noma da farauta da yawan jama'a sun kore su. In an yi sa'a a ga jan biri a kan bagaruwa, ko dila da zomo da magariba, guza kuwa ba ta wuyar gani a bakin ruwa. Ina faɗa wa ɗalibai wannan tun a aji, don wanda ya tafi da tunanin gidan zu zai dawo yana cewa an yaudare shi. Tsuntsu da kifi da ruwan kansa ake zuwa kallo.

To waɗanne tsuntsaye ne haka da har ake tasowa daga ƙasashen waje?

Masu ƙidaya sun rubuta iri fiye da 370 a yankin. A tsakiyar shekarun 1990 ƙidayar da ake yi wa tsuntsayen ruwa kowace Janairu ta riƙa ba da daga 200,000 zuwa sama da 300,000.

Fara da 'yan gida. Kirinjijiya ita za ka fara ji kafin ka gani, agwagwa ce mai farar fuska da ke tashi garke guda tana fito sau uku-uku. Dinya ta fi ta girma, baƙa da farin ciki, tana da ƙaya a gwiwar fiffike. Akwai zalɓe mai tsayawa cik a ruwa har ka ɗauka kututture ne, da jinjimi mai lanƙwasasshen baki, da kwasakwasa mai jaka a maƙogwaro, da babba-da-jaka wanda ba ya raina mushe. Balbela kowa ya santa, amma ganin dubbanta suna komawa makwanci da almuru wani abu ne daban. Zakaran ƙeƙuwa kuma shi ne ɗan tsegumin wurin, da ya hango ka zai tashi da ihu ya sanar da kowa.

Akwai wani ɗan tsuntsu ja-ja mai farin wuya da nake so ɗalibai su tsaya su kalla da kyau. Yatsunsa dogaye ne ƙwarai, da su yake taka ganyen bado yana tafiya a kan ruwa. Ganyen ya ɗan nutse, kafin ya nutse duka ya riga ya taka na gaba, yana ɗaga gefen ganye da baki yana tsince ƙwarin da ke ƙasa. A wajensu namiji ne ke kwanci ya yi renon 'ya'ya, in ya ji motsi ya kwashe su a ƙarƙashin fiffike ya gudu, ƙafafunsu na reto. Duk aji da na kai, a nan ake samun gardama tsakanin maza da mata.

Wanda ba za ka cika gani ba shi ne gauraka. Ana ɗaukarsa tsuntsun ƙasa a Najeriya, amma yau ya fi sauƙin gani a gidajen masu hali fiye da a fadama. Kamawa don sayarwa da lalacewar wuraren da yake ƙwai su suka kusa ƙarar da shi. Duk mai kiwon gauraka a tsakar gida ya san cewa daga irin wannan wuri aka ɗauko shi, kuma ba ya hayayyafa a kan siminti.

Da gaske ne wasu daga Turai suke zuwa, ko dai zancen Turawa ne?

Gaskiya ne, kuma hujjar tana ƙafarsu. Masu bincike a can suna sa wa tsuntsu ɗan zoben ƙarfe mai lamba da adireshi, masunta da mafarauta a nan yankin Sahel sun sha tsintar irinsa. Yanzu har na'ura ake ɗaura wa wasu ana bin tafiyarsu ta tauraron ɗan'adam.

Idan sanyi ya rufe arewacin Turai da Rasha, ruwa ya daskare, abinci ya ɓace, sai su yo kudu. Su tsallake Bahar Rum, su tsallake Sahara, ruwa na farko da za su tarar shi ne ɗan zirin nan na dausayoyi: bakin kogin Sanagal, fadamar kogin Kwara a Mali, Haɗeja da Nguru, sai Tafkin Cadi. Wuraren ba su da yawa, shi ya sa lalacewar ɗaya takan bayyana a ƙidayar tsuntsaye har can ƙasashensu. Cikin baƙin akwai ƙaramar agwagwa wadda namijinta ke da farin layi a saman ido, da wata mai doguwar wutsiya mai tsini, da wasu masu dogayen ƙafafu ruwan ƙasa da ke sauka dubbai a gonakin shinkafa bayan girbi suna kalar abin da ya zube. Sukan iso daga Oktoba, su juya wajen Maris.

Shamuwarmu ma matafiyiya ce, sai dai ita ba ta barin Afirka. Kudancin nahiyar take zuwa ta yi rani, ta dawo mana gab da saukar damina ta yi sheƙa a itatuwan cikin gari. Wato lokacin da baƙin Turai ke haramar tafiya, ita kuma tana hanyar dawowa.

An ce wuri ne keɓaɓɓe. Wa ke da shi, tarayya ko jiha?

Ba shinge ɗaya ba ne, gutsure-gutsure ne, kowanne da mai shi. A 1991 aka kafa Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Cadi mai sassa uku: Chingurmi-Duguma a Borno, Bulatura a Yobe, da sashen Bade-Nguru wanda ya ƙunshi mafakar tsuntsaye ta Dagona kusa da Gashuwa. Wannan na tarayya ne. Dagona ce Yarima Filif, mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin, ya ziyarta a 1989. Baturiya kuma, a ƙaramar hukumar Kirikasamma, ta daɗe a hannun jiha, sai a ƙarshen 2020 gwamnatin Muhammadu Buhari ta sanar da ita cikin sababbin gandayen ƙasa guda 10, tare da Falgore ta Kano da dajin Kogo na nan jihar Katsina.

Sai kuma yarjejeniyar Ramsar, wadda aka ƙulla a wani gari mai wannan suna a Iran ranar 2 ga Fabrairu 1971 don kare dausayoyin duniya. Wurin farko da Najeriya ta shigar shi ne tafkin Nguru da reshen Marma, a shekarar 2000, hekta 58,100. Baturiya da Dagona suka biyo baya a 2008. Shiga jerin ba ya kawo soja ko katanga. Alkawari ne ƙasa ta ɗauka cewa za ta yi amfani da wurin ba tare da ta kashe shi ba.

Ra'ayina a nan a fili yake: duk waɗannan takardun suna kare ƙasa ne da itace, alhali ran wurin ruwa ne, ruwan kuwa ana yanke hukuncinsa ne nesa, a bakin madatsun jihar Kano. Malamin daji zai iya kama mai sare bagaruwa, amma ba shi da ta cewa a kan ranar da za a buɗe ƙofar dam.

In keɓaɓɓe ne, me ya sa ake noma da su da kiwo a ciki?

Saboda mutanen sun riga dokar zuwa. Hausawa da Badawa da Mangawa da Fulani, fiye da mutum miliyan ɗaya, a kan wannan ruwa suke rayuwa, kuma yankin da aka hana taɓawa ƙalilan ne a cikin fadamar.

Abin sha'awa shi ne yadda fili ɗaya ke ciyar da sana'a uku ko huɗu a shekara. Da ruwan farko manomi ya shuka shinkafa a kwari, gero a jigawa. A Agusta kogi ya cika ya malala, shinkafa ta riƙa tsawo tana bin ruwa, kifi ya shigo cikin ciyawa ya yi ƙwai. Ruwa ya fara janyewa wajen Oktoba, masunta su tare hanyoyin da kifi ke komawa kogi. A girbe shinkafa, a bi laimar da ruwa ya bari a shuka wake. Sannan Fulani su sauko da shanu su ci burugu da karmami, su bar taki. Da rani masu injin ban ruwa su yi alkama da tattasai da albasa da kankana. Noman alkamar ya bunƙasa ne bayan da gwamnati ta hana shigo da ita a 1987, ƙananan injuna suka cika fadama.

A nan ne kuma rigima ta samo tushe. Da can manomi na tashi, makiyayi na sauka. Yanzu da ake noma rani da damina, burtali da mashaya sun zama gona, saniya ta zo ta tarar da tattasai a inda kakanninta suka sha ruwa. Rikicin manoma da makiyaya da ake ji a wajen Guri da Kirikasamma, yawancinsa a kan wannan ne. Mu da muka ga abin da irin wannan ya zama a yammacin jiharmu ba ma bukatar dogon bayani.

Ban da waɗannan akwai masu yankan kaba suna saƙa tabarma da igiya da faifai, da masu tsintar goruba, da masu kwasar kanwa, da masu itacen girki. Wani amfanin kuma ba a ganinsa da ido: ruwan da ya kwanta wata biyu ko uku yana tsuma ƙasa, shi ke cika rijiyoyin garuruwan da ke nesa da kogin.

Kifin da ake kawo mana banda, wane iri ne, kuma yaya ake kama shi?

Tarwaɗa da karfasa su suka fi yawa. Akwai ƙurungu, kawara, bargi, da minjirya mai jan mutum in ya taɓa ta. Gaiwa kuma ita ce mai abin mamaki: ruwa na ƙafewa sai ta nutse cikin laka, ta lulluɓe kanta da yauƙi, ta bar ɗan rami tana shaƙar iska, ta kwana a haka har damina ta dawo. Manoman fadama sukan tono ta da fartanya a busasshiyar ƙasa.

Masunci mai gora ya fi komai ɗaukar hankalin ɗalibanmu. Ƙatuwar ƙwarya ce rufaffiya mai ɗan baki a sama. Ya kwanta a kanta ruf da ciki, ƙafafu na tuƙi, hannu biyu riƙe da koma. Ya buɗe ta a ƙarƙashin ruwa, ya haɗe, ya ɗago, ya cire kifin ya jefa cikin goran da yake kwance a kai, ya ci gaba. Jirginsa ke nan, ma'ajiyarsa ke nan. Wanda ke son ganin ɗaruruwansu lokaci guda ya nemi ranar bikin kamun kifi na masarautar Bade a Gogaram.

Akwai masu birgi, wato ragar da ake jefawa, da masu kalli, ragar da ake shimfiɗawa a ruwa, da masu ƙugiya. Wanda ake ta ƙorafi a kai shi ne dumba, wato a jera tarkuna a datse reshen kogi daga wannan gaɓa zuwa waccan, babba da ƙarami ba mai wucewa. Da ita da raga mai ƙananan idanu su ne dalilin da kifin da ke iso mana kasuwa yake ta ƙanƙancewa. A al'adance Sarkin Ruwa ne ke faɗin ranar da za a shiga tafki da ranar da za a bar shi ya huta, kuma inda maganarsa ke da nauyi har yanzu an fi samun kifi.

Ana cewa dam ɗin Tiga ne ya kashe fadamar. Haka ne?

Bai kashe ta ba, amma ya sauya mata hali, kuma ba shi kaɗai ba. An gama Tiga a 1974, aikin da aka fara zamanin Gwamna Audu Bako, a kan kogin Kano. Na Calawa ya biyo baya a 1992. Tsakaninsu kuma aka yi farin farkon shekarun 1970 da na 1983 zuwa 1984. Kafin wannan, ambaliyar shekara takan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000. A farkon shekarun 1990 ta koma ƙasa da 1,000.

Ba na cikin masu zagin Tiga. Ruwan sha na birnin Kano da tumatirin Kadawa da shinkafar Kura, waɗanda mu ma muke ci, daga nan suke. Amma masana tattalin arziki da suka yi lissafi a farkon shekarun 1990 sun gano cewa in aka kwatanta ruwa da ruwa, abin da fadama ke bayarwa na shinkafa da kifi da itace ya ninka abin da aikin ban ruwa daga Tiga ke bayarwa nesa ba kusa ba. Matsalar ita ce amfanin dam a wuri ɗaya yake, minista zai iya zuwa ya yanke kyalle. Amfanin fadama kuwa a warwatse yake cikin ƙauyuka ɗari, ba mai rubuta shi.

Illar da ta fi raguwar ruwa ita ce rikicewar lokacinsa. Kogin Haɗeja na asali yakan cika da damina ya ƙafe ƙaf da rani. Yanzu dam na riƙe na damina, ya riƙa sakin kaɗan-kaɗan duk shekara. Ambaliyar da ke wanke hanyoyin ruwa ta yi rauni, bushewar da ke kashe ciyawa ta ɓace.

Jama'are ne kaɗai ya rage ba babban dam a kansa, kuma mafi yawan ruwan da ke isa Gashuwa nasa ne. Shi ya sa duk lokacin da aka ta da maganar ƙarasa dam ɗin Kafin Zaki a Bauchi, mutanen Yobe da Borno suke tashi tsaye.

Mece ce kacalla da kullum ake kuka da ita?

Doguwar ciyawar ruwa ce da ta fi mutum tsawo, mai kai irin zangarniyar gero. Tana nan tun da, amma rani na hana ta sakewa. Da ruwa ya daina ƙafewa sai ta samu gida. Tana yaɗuwa ta saiwa a ƙarƙashin laka, 'ya'yanta kuma iska ke kwasa.

Ga yadda take ɓarna. Ta tsiro a bakin reshen kogi, ruwa ya rage gudu, laka ta kwanta, ita kuma ta ƙara samun wurin tsayawa, har reshen ya toshe. Haka tsohon kogin Haɗeja da Burum Gana suka shaƙe, ruwan ya karkata Marma. Sakamakon shi ne masifa biyu kishiyoyin juna: ƙauyukan wajen Marma da Nguru gonakinsu sun nutse shekara da shekaru ba sa bushewa, na ɗaya ɓangaren kuma suna zaune a bakin kogin da ba ruwa. Ta hana kwalekwale wucewa, ta hana jefa birgi, ta tara sauro.

Ƙona ta ba ya kashe ta, saiwar na nan. Abin da ke aiki shi ne a yanke ta a ƙarƙashin ruwa don ta rasa iska ta ruɓe, kuma a maimaita. Ƙauyuka kan yi gayya su shiga da lauje da adda ruwa iya ƙirji, gwamnati kuma ta kawo manyan motocin haƙa masu tafiya a kan ruwa. An gwada mayar da ita gas na girki da abincin dabbobi, a Sanagal da Muritaniya ma gawayi ake yi da ita. Duk wannan yana rage zafi. Amma muddin ba a bar kogin ya bushe na ɗan lokaci a shekara ba, a kuma sako masa ruwa mai ƙarfi da damina, yankan bana sai an sake shi baɗi.

Jan-baki fa? Ba kare tsuntsayen nan ne ke jawo wa manoma asara ba?

Jan-baki ba ya cikin baƙin da ake karewa, ɗan ƙasa ne, kuma ya samu mafaka ne a kacalla. Garkensa kan share gonar shinkafa ko gero cikin yini, shi ya sa ake feshi da jirgin sama. Sai dai maganin ba ya tambayar sunan tsuntsu, kuma a ruwa yake sauka. A rage kacalla, an rage masa makwanci.

To ambaliyar da ke rusa gidaje a Jigawa, ita ce kuke kira albarka?

Alhaji, ba ita ba ce. Wadda ake so ita ce mai zuwa a hankali a kan kari, ta kwanta inda ta saba. Irin ta 2012 da 2020 da 2022, wadda ta ci gidaje da gonaki da rayuka, ruwan sama ne mai yawa ya tarar da hanyoyinsa a toshe da laka da ciyawa, ya kuma tarar an yi gini da gona a inda yake kwana. Fadama mai lafiya ita ke shanye irin wannan ruwan ta rage wa gari.

Ina da bindigar farauta. Zan iya harbin dinya ko biyu?

A Dagona da Baturiya haramun ne a doka, za a kama ka a ƙwace bindigar. Kada kuma ka sayi tsuntsun da aka kama da rai a bakin hanya da sunan tausayi, sayen ne ke sa a koma a kamo wani.

Malam, 'yata na cikin masu tafiya. Ba wata cuta ko hatsari?

Hajiya, abu uku nake tsoro, kuma duk ana iya kiyaye su. Na farko tsargiya, mai sa fitsarin jini. Ƙwayarta na fitowa daga ƙananan katantanwa a ruwa mai kwanciya, ta huda fata. Don haka ba wanka, ba wasan ruwa, ba alwala a tafki, mu tafi da ruwanmu. Na biyu sauro, a kwana cikin gidan sauro. Na uku kwalekwale: kada a cika shi, kowa da rigar ruwa, ba tashi tsaye don ɗaukar hoto, ba shiga bayan la'asar sakaliya. Mataccen tsuntsu kuma ba a taɓa shi, saboda murar tsuntsaye da ta fara ɓulla a ƙasar nan a 2006.

Batun tsaro, a tambayi mutanen wurin a satin tafiya, ba labarin bara ba. A yi tafiyar rana. Sashen Chingurmi-Duguma da ke iyakar Kamaru ba wurin kai ɗalibai ba ne.

Mu nan Katsina ba mu da irin wannan wuri ne?

Mai girman wannan babu. Ƙasarmu tudu ce, yawancin rafukanmu, irin su Gada da Karaduwa da Bunsuru, gudu suke yi su nufi Gulbin Rima, ba sa samun shimfiɗar da za su kwanta. Amma duk inda ruwa ya taru tsuntsu zai sauka. A je Ajiwa ko Zobe ko Jibiya da hunturu, mutanen Daura su leƙa Sabke ko Daberam da sassafe, za a ga kirinjijiya da zalɓe da wasu daga cikin baƙin nan. Nakan ce a fara koyon kallo a nan, in tsaro ya bari, kafin a kashe kuɗin mota.

Akwai kuma tafkin Madarumfa kusa da Maraɗi, wajen 'yan'uwanmu Katsinawan ƙetare, wanda Nijar ta sa a jerin Ramsar. Kogin Gada da aka datse a Jibiya shi ne ke zama Gulbin Maraɗi. Wato a wannan karon mu ne a sama riƙe da ƙofar ruwa, wasu na ƙasa suna jira.

Hotunan tudun rairayi da dabino da ake cewa Yobe ne, nan ne?

Wannan Bulatura ce da Tulo-Tulowa a ƙaramar hukumar Yusufari, arewa maso gabas da Gashuwa. Gandu ɗaya ne a takarda, amma tafiya ce daban, kuma sai da mota mai cin rairayi da ɗan jagora.

Me za mu riƙe, kuma wa za mu fara gani in mun isa?

A rubuta wa ofishin gandun takarda tun kafin a tashi, a karɓi rasit na duk abin da aka biya. In an isa ƙauye a fara da gaisuwa wajen mai gari ko bulama, shi zai haɗa ku da mai kwalekwalen da ya san ruwan. A yi ciniki da shi kafin a shiga. A riƙe madubin hangen nesa ko da guda biyu ne a riƙa karɓa-karɓa, da littafi da biro, da rigar sanyi don asubar bakin ruwa ta fi ta Katsina cizo. Fararen kaya da hayaniya na korar tsuntsu, a sa masu duhu, a kashe kiɗan waya. Kada a ɗauki hoton mata a bakin ruwa ko shanun Bafulatani ba izini. A kwana a Haɗeja ko Nguru ko Gashuwa, a kasance a bakin tafki kafin fitowar rana, don da hantsi ya ɗaga yawancin agwagin sun shige ciyawa sai kuma yamma.